Safiyar da Baba Saimon Ya Hana Ni Ɗaga Shi

Cikin shekarun da na yi ina kula da tsofaffi a gidajensu a New York, akwai wata safiya ta lokacin sanyi da ban taɓa mantawa da ita ba. Sista Mariama ce ta ce in rubuta labarin domin ku 'yan'uwanmu sababbin shiga, wai ta gaji da jin ina maimaita shi a baki duk sanda aka kawo sabon mutum ofis. Sunana Habu, mutumin Kano ne ni, karatuna bai wuce sakandare ba. Ina kuma gaya muku tun yanzu, ba ni ne na yi abin yabo a labarin ba.

Ga wanda bai san aikin ba, kamfani ne ke ɗaukarka, ya yi maka horo na 'yan makonni, sannan ya tura ka gidan wani tsoho ko marar lafiya. Kai ne wanka, kai ne sa tufafi, kai ne abinci da rakiya banɗaki da tuna masa lokacin magani. Sama da kai akwai nas, ita ke duba mutumin ta tsara abin da za ka riƙa yi masa da abin da ba za ka taɓa ba. Tawa nas ɗin ita ce Sista Mariama, 'yar zangon Kumasi, mace mai fara'a amma ba a wasa da ita a kan doka. Dokar da aka fi nanata mana a horo ita ce ta faɗuwa. Idan mutuminka ya faɗi ƙasa, ba ka ɗaga shi. Wataƙila ƙashi ya tsage a ciki, kai kuma garin taimako ka ƙarasa shi. Abin da za ka yi shi ne ka kira nas, ita kuma galibi ta ce a kira motar asibiti.

A shekarata ta biyu aka tura ni wajen wani Bature a Manhattan, can ɓangaren yamma kusa da kogi. Sunansa Saimon, ya haura tamanin da yawa. Tun ranar farko bakina ya kasa kiran sunansa gatsau, na ce masa Baba. Ya tambayi ma'anarsa, na gaya masa, ya ce ya karɓa.

Baba Saimon ba ƙaramin mutum ba ne a wajen mutanensa, ko da yake ni ban taɓa jin labarinsa ba kafin lokacin. Yana saurayi ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Brooklyn. Kaya suka danne shi, bayansa ya lalace, ya daɗe kwance a ƙasan ɗakin mahaifiyarsa domin gado ma ba ya iya hawa. A wannan kwanciya ya fara lura da kansa. Ya ga in ya juya idonsa kafin ya juya wuya, ciwon ba ya kai na da. Ya ga in ya rage ƙarfin da yake sawa, yana jin inda motsin ke maƙalewa. Da kaɗan-kaɗan ya koya wa kansa tafiya. Daga baya ya fara koya wa wasu, makaɗa da 'yan rawa da waɗanda suka yi haɗari, har abin ya zama hanya mai zaman kanta da ake kira da sunansa, ɗalibansa suka buɗe wuraren koyarwa a wasu garuruwa.

Lokacin da na same shi ya daina fita, amma tsofaffin ɗalibansa suna zuwa gida duk mako. Falon nasa babu kaya sai kujera ɗaya mai nauyi da shimfiɗu a naɗe jikin bango. Sai ka ga mata masu furfura sun baje a ƙasa, shi yana kan kujera yana magana a hankali: ku juya kai hagu, ku rage, ku ƙara ragewa, me kuka ji a haƙarƙari? A yi ta haka har a tashi, ba wanda ya yi gumi. Ni ina kicin ina leƙe ina dariya a ciki. A gidan abincin da muke haɗuwa a titin 116 na sha ba abokaina labari, in ce na samu gidan da Turawa ke zuwa koyon birgima, a yi ta shewa. Mutumin da nake ci a dalilinsa nake yi wa haka, Allah ya yafe mini.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani. Kafin zuwana ya taɓa faɗuwa, an kai shi asibiti. 'Yarsa Rebeka, wadda ke zaune a wata jiha, ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in motar asibiti ta sake ɗaukarsa, daga asibiti gidan tsofaffi zai wuce, har ta riga ta duba wani kusa da ita. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ita kaɗai gare shi. Shi kuwa ya taɓa ce mini a can gado ƙarfe gare shi ta kowane gefe, kuma in aka gan ka a ƙasa sai a buga ƙararrawa. Ya ce mutumin da ya yi rayuwarsa duka a ƙasa, in aka hana shi ƙasa me ya rage masa.

Yanzu ga nawa halin. A gidanmu, in dattijo ya yunƙura zai tashi kana zaune kana kallo, ranar sai jikinka ya gaya maka. Haka aka rene mu. Ba ka bari babba ya ɗauki buta, ba ka bari ya sunkuya neman takalmi. Saboda haka da na ga Baba Saimon ya dafa hannun kujera ya fara karkata gaba, kafin ya yi komai na riga na sa hannu ƙarƙashin hammatarsa na miƙar da shi. Yakan ce, Habu, jira. Ni kuma in ce sannu Baba, in ɗaga. Ya yi mini bayani ba sau ɗaya ba, cewa tashin nan da nake ganin wahala ce, ita ce karatunsa na yau da kullum. Ina jin Turancin sarai, amma ban ɗauka ba.

Da ladabi ne kawai da da sauƙi. Akwai dalili na biyu da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Bayan azahar ina da wani tsohon a Bronx, kuma bas ba ta jira. In na bar Baba Saimon ya tashi da kansa, sai ya matsa gaba, ya tsaya, ya gyara ƙafa, ya koma, ya sake. Ni kuwa ɗagawa ɗaya ce. Sai na riƙa lulluɓe gaggawata da sannu Baba. Da sanyi ya yi nisa na lura ya daina cewa in jira. In na nufo shi sai kawai ya buɗe hannuwa kamar yaro mai son a ɗauke shi. Na ji daɗi ma, na ce tsoho ya sauko, aiki ya yi sauƙi.

Safiyar da nake magana a kanta dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Na shirya shi, na zaunar da shi a bakin gado, na shiga kicin haɗa karin kumallo. Sai na ji wani sauti marar ƙarfi, kamar an ajiye buhu. Da na leƙo na same shi a ƙasa gefen gado, kwance kan haƙarƙarinsa. Ashe ya gwada tashi shi kaɗai tunda ba na kusa, ƙafafun suka ƙi, ya zame.

Duk horon da aka yi mini ya fice daga kaina. Na durƙusa na sa hannu zan ciccibe shi. Sai ya yi magana da wata murya da ban san yana da ita ba, ba da ƙarfi ba, amma sai da na saki. Ya ce in janye hannuna. Na tambaye shi ko kansa ya bugu, ya ce a'a, zamewa ya yi a hankali jikin katifa. Ya rufe ido ya motsa yatsun ƙafa, ya motsa gwiwa, ya ja numfashi mai tsawo, ya ce babu abin da ya karye. Na ciro waya. Ya dube ta ya dube ni, ya ce na san inda wannan wayar za ta kai shi.

Na tsaya da waya a hannu. In na ɗaga shi na karya doka, in na kira mota ya rabu da gidansa ke nan, in na yi shiru kuma wani abu ya same shi, ni ne. Na kira Sista Mariama, na yi mata Hausa don kada ya ji abin da zan ce.

"Sista, Baba Saimon yana ƙasa."

"Ka taɓa shi?"

"Na fara, ya hana ni."

"To, ya fi ka hankali. Ba shi wayar."

Suka daɗe suna magana da Turanci, tana tambaya yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙo mini wayar ta ce tana wajen wata tsohuwa a Harlem, za ta taho yanzu, amma hanya ba kyau.

"Ɗan Kano, buɗe kunnenka. Ba ka ɗaga shi. In ya ce wani wuri na ciwo, ko ka ji maganarsa ta sauya, kira mota nan take, kada ka jira ni. In na iso na same shi a ƙasa, ni da kaina zan kira, ba na jin roƙo. In kuma na same shi kan kujera da ƙafarsa ya hau, sai mu yi wata maganar."

Na fassara masa. Ya ce ya ji, ta yi adalci. Ya sa na jawo kujerar nan mai nauyi daga falo na ajiye kusa da shi, na tokare ta da bango. Sannan ya ce in zauna a ƙasa inda zai riƙa ganina.

Sai ya fara abin nan da nake yi wa dariya. Ya juya ido, kai ya bi, ya dawo. Ya zame hannu ɗaya kan kafet kamar mai shafa kyanwa, ya dawo da shi. Ni ina kallon ƙofa ina lissafin inda Sista ta kai, shi ko kamar yana da yini guda. Can na ga kafaɗarsa ta bi hannun, gwiwar hannu ta shiga ƙarƙashinsa, ya ɗago rabi. Ya huta. Ya jawo gwiwa ɗaya, ya dafa tafin hannu biyu, ƙugunsa ya bar ƙasa. Sai hannunsa na dama ya fara rawa, rawa sosai, fuskarsa ta yi ja.

Ban yanke shawara ba. Na dai ga hannuwana sun zagaye ƙirjinsa ina cewa sannu Baba. Abin da ya biyo baya shi ne abin da har yau nake gani. Da jikinsa ya ji hannuna, sai ya sake gaba ɗaya, ya zubo mini nauyinsa duka, gwiwar da ya sha wahalar kafawa ta zame baya. Dole na kwantar da shi inda ya fara.

Ya zuba wa rufin ɗaki ido. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Ka gani, Habu? Hannunka na zuwa, jikina ya daina nema. Tun farkon sanyi kake koya masa haka, shi kuma ɗalibi ne mai saurin ɗauka."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce haƙuri sai an jima, yanzu aiki ne a gabanmu. Ya ce hanyar ta ɓace masa, ya san akwai wani abu da yake yi ba daidai ba amma ya kasa jinsa daga ciki. Ya ce in kwanta a ƙasa kamar yadda yake, in tashi yana kallo. Na kwanta, na miƙe zumbur. Duk da halin da yake ciki sai da ya yi dariya. Ya tambaye ni me ya fara motsi a jikina, na ce ban sani ba. Ni da nake tashi daga kan darduma kullum tun ina yaro, ban san yadda nake tashi ba. Ya ce in sake, a hankali, in ƙara ragewa. Na sake, na kuma sakewa, ina jin kunya, ƙato da ni ina birgima a ɗakin Bature. Ana cikin haka ya ce in tsaya daidai inda nake. Ina kan gwiwa da hannu a lokacin, goshina ya kusa taɓa kafet.

Ya ce sirrin yana wurin sauke kai. Ya ce ni in zan ɗaga ƙugu sai in sauke kai ƙasa ba tare da na sani ba, shi kuwa tun ɗazu ɗaga kai yake yi yana neman sama, shi ya sa nauyin duka ya taru a hannu ɗaya. Ya ce ya tsufa yana gaya wa mutane wannan, yau tsoro ya mantar da shi.

Kafin ya sake farawa ya ba ni umarni ɗaya. Ya ce in zauna a kan hannuwana. Na zaci wasa yake, ya ce da gaske. Na sa tafukana ƙarƙashin cinyoyina na danne.

Haka Sista Mariama ta same mu. Mai gadin gini ya buɗe mata, ta shigo da ƙanƙara a kafaɗar rigarta. Ni ina zaune kan hannuwana kamar wanda aka sa horo a makaranta, Baba Saimon yana durƙushe, ya ɗora damatsansa kan mazaunin kujera, kansa a sunkuye tsakaninsu, yana numfashi. A bisa maganarta, a ƙasa yake. Na ga ta ciro waya daga aljihu. Na ce, "Sista," ta ɗaga mini yatsa ba tare da ta dube ni ba. Ba ta matso ba, ba ta kuma danna wayar ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayansa da ƙafafunsa.

Ya jawo ƙafar hagu gaba, tafin bai zauna daidai ba, ya mayar da ita. Hannuwana suna zafi a ƙarƙashina, na ƙara dannewa. Ya sake jawo ta, wannan karon ta zauna. Ya ƙara sauke kai, ƙugunsa ya taso, ya juya a hankali kamar ƙofa mai nauyi, sai ga shi zaune a gefen kujera, a karkace, rigarsa ta tattare. Sannan ya ɗago ya gaishe da Sista da ina kwana, ya ce ta yi haƙuri bai tare ta a ƙofa ba.

Sista ta mayar da waya aljihu ta cire riga ta hau aiki. Ta duba shi tun daga kai har ƙafa, ta auna jininsa, ta kira likitansa. Sannan ta kira Rebeka a gabansa, domin faɗuwa ba a ɓoye ta, ko an tashi ko ba a tashi ba. Ta gaya mata ya zame, ta kuma gaya mata abin da ta gani da idonta. Na ji muryar Rebeka ta cikin wayar tana kuka tana faɗa lokaci guda.

A cikin lifta, muna saukowa daga bene, Sista ta juyo kaina. Ta ce tsohon ya gaya mata a waya cewa ƙafafunsa sun yi rauni ne don ba a barinsa ya yi amfani da su.

"Gaya mini gaskiya, ɗan Kano. Ladabi ne ke sa ka ɗaga shi, ko bas ɗin Bronx?"

Na ce duka biyun. Ta ce ta san haka, so take ta ji daga bakina. A makon ta sauya tsarin aikina a gidan: in tsaya kusa, in tare in ya karkata, amma ban da ɗagawa. Tsohon Bronx kuma ta ba wani, ta ce jira da gudu ba sa haɗuwa a yini ɗaya. Na ji zafin hakan, amma ban yi musu ba.

Rebeka ta zo ƙarshen mako. Ba ta gamsu duka ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta yarda ya zauna a gidansa zuwa bazara a gani, da sharaɗin a ƙara mai kwana da shi. Bazara ta zo ta wuce ba a sake tayar da maganar ba. Ya ƙara fiye da shekara a falonsa, ɗalibansa suna zuwa suna baje shimfiɗu, har ciwon huhu ya kama shi aka kai shi asibiti, can ya cika. Amma kada in yi muku ƙarya, ƙafafunsa ba su koma yadda na same su ba. Abin da na ɗauke masa a watannin nan, wani ya dawo, wani bai dawo ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Dokar faɗuwa tana nan daram, ku kira nas, kada wani ya ce Habu ya ce a zauna a ƙasa ana kallo. Da Sista ba ta yi magana da shi ba ta ba da izini, da ban isa ba. Maganata a kan ranakun da ba wanda ya faɗi ce. Mu mutanen gida ana son mu a wannan aiki saboda hannunmu na da sauri a kan tsoho, iyalai har roƙo suke a turo musu irinmu, kuma abin alfahari ne. Sai dai a can gida tsoho yana da kasuwa da masallaci da zaure, in ka ɗauke masa buta yana da sauran abin yi da jikinsa. Nan kuwa wani tsohon duk abin da ya rage masa a yini shi ne tashi daga kujera da sa maɓallin riga. In ka karɓe wannan, ka karɓe duka, kuma zai yi maka godiya yana miƙo hannu.

Yanzu duk gidan da aka tura ni, kafin in taɓa komai sai na tambayi mutumin abin da yake iya yi da kansa, in bar masa shi. Ba zan ce na saba ba. Har yau in dattijo yana kokawa da hannun riga a gabana, yatsuna ƙaiƙayi suke, kuma wani abu a ƙirjina yana ce mini marar tarbiyya. Nakan matso kusa, inda in ya karkata zan tare shi, in yi shiru har ya gama. Sau da yawa kafin nan shayinsa ya huce, sai in koma kicin in sake ɗumama masa.